Ƙirga Goma

Ajinmu yana bayan layin dogo a Agege:
ɗaki ɗaya, yara sha tara, fanka mai tari.
In jirgi ya zo wucewa, alli kan gangaro daga bakin allo,
yara su ruga taga suna ɗaga hannu,
Ukasha kuwa ya shige ƙarƙashin teburina,
tafuka a kunne, goshi a siminti.

Uwarsa fura take damawa a gindin gada.
Ran da ta kawo shi ta ce,
"Malama, makaranta uku sun maido min shi.
Likita ya ce otizim, rediyo ya ce galahanga,
maƙwabta suka ce iska, aka yi turare har bango ya yi baƙi.
Ni dai sunan da aka raɗa masa ran suna na sani."

Makon farko na zama ɗan kamasho a tashar Oshodi:
Ukasha zo, Ukasha zauna, Ukasha dube ni.
Shi yana can yana jera marafan kwalba,
ja, ja, ja, kore, ja,
layi sambal, ko magini sai haka.

Madam Folake mai zuwa ran Laraba da jakar takardu
ta ce abin da masu bincike suka gwada, suka sake gwadawa,
ba siddabaru ba ne:
faɗi kalma ɗaya, ja bakinki, ƙirga goma a zuci.
Goma!
Ni haifaffiyar Ikko,
inda tun danja ba ta saki hanya ba an cika maka kunne da oda.

Muka yayyanka kwalin taliya, muka manna hotuna:
kofi, burodi, bayan gida, lilo, jirgi.
Muka jera wunin a bango daga sama zuwa ƙasa,
abin da ya wuce a kife shi,
don abin da ke tafe ya daina faɗo masa ba sallama.
A lungu, tabarma da labulen tsohuwar atamfa,
ba wurin horo ba,
wurin da duniya ke rage murya.
Kafin a ta da janareta, yatsu biyar a sama,
huɗu, uku.

Chidera mai giɓi na zaɓa ta zauna kusa da shi.
Na koya mata kalma biyu: naka, nawa.
Ta miƙa marfi, ta jira.
Ta fi ni iya jira, 'yar shekara huɗu.

Kullum ina jan layi a bayan rajista:
ya miƙo kati, layi ɗaya.
Akwai makon da shafin ya kwana fari fat.
Akwai Litinin da ruwa ya doki kwano tun safe,
ya watsar da marafan, ya bar min shatin haƙori a hannu.
Na yi kukana a danfo, kwandasta na tambayar canji.
Talata na dawo, na tsince su ɗaya ɗaya,
ja, ja, ja, kore.

Ran arba'in da ɗaya, ana cikin karatun a, ba, ca,
ya tashi, ya ɓamɓaro kati daga bango,
ya danna min a tafin hannu.
Hoton jirgi.
Na kasa kunne: babu komai, sai mai tallan burodi a waje.
Bakina ya buɗe zai ce a'a, ba yanzu ba,
na rufe shi.
Ɗaya, biyu, uku.
Chidera ta dube shi, ta sa hannu a kunne.
Tobi ya bi, Sakina ta bi.
Shida. Bakwai.

A takwas, alli ya fara rawa a bakin allo.

Bai shiga ƙarƙashin tebur ba.
Yana tsaye a tsakiyarsu,
yara sha tara da tafuka a kunne,
ni kaɗai ce hannuna ba ya kai,
don akwai kati a cikinsa.